Hanyar bakin ruwa: ina rabon mai keken guragu?

 

Maganar yau ƙarama ce a ido. Ita ce hanyar da mutum zai bi ya kai bakin ruwa in yana bisa keken guragu, ko yana dogara sanda, ko tsufa ya cinye masa ƙarfin gwiwa. Wani zai ce ƙasar da ke fama da fari da rashin tsaro da tsadar hatsi ina ta ga ta wannan zance, ai wannan damuwar ƙasashen da suka ƙoshi ce. To, a can Turai bakin kogi wurin shan iska ne da yamma. A Nijar kuwa bakin ruwa wurin neman abinci ne: can ake garka, can ake wanki, can ake shayar da bisashe, can ake buga tubali da kamun kifi. Duk wanda hanyar bakin ruwa ta gagara, sana'o'in nan duka sun gagare shi. Sa'an nan a juyo a same shi bakin tasha da ƙoƙo, a ce ya cika son bara.

Ajekoriya ba ta da kogi

A ɗauki Ajekoriya, ƙaramar hukumar karkara cikin gundumar Dakoro, arewacin jahar Maraɗi. Babu kogin da ya ratsa ta. Gulbin Maraɗi yana can kudu da nisa, Gulbin Kaba ya daɗe da zama kwarin goruba wanda ruwa ba ya gudu a cikinsa kamar dā, kwarin Tarka kuma, ta wajen Dakoro, busasshe ne. Bakin ruwan mutumin Ajekoriya shi ne tabkin da damina ke cikawa ya ƙafe kafin bazara, da rijiyar siminti mai zurfi wadda ake ja da shanu ko jakai, da famfon da ke gefen gari.

Tsakanin gida da waɗannan wurare ƙasar jigawa ce, rairayi mai laushi. Mai ƙafafu biyu yana taka shi bai ma sani ba. Amma taya ƙarama nutsewa take yi a ciki, kuma keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda shi ne akasarin guragu ke da shi, in ya kafe a rairayi sai an samu mai turawa. Inda ƙasa ta ɗan yi tauri kuma ƙarangiya da tsidau na jiran taya. Da damina gefen tabki laka ce da kofaton shanu ya dama. In mutum ya yi ta maza ya kai rijiya, sai ya tarar an kewaye ta da ƴar katanga don a hana dabbobi, an bar ƙofa ƙunƙuntacciya da matakala biyu ko uku. In famfo ne, sau da yawa irin wanda ake takawa da ƙafa ne, watau wanda ƙafafunsa suka shanye ba ya iya samun ko moɗa ɗaya daga cikinsa.

Abin da wannan ke haifarwa sananne ne a kowane ƙauye. Magidanci mai hankalinsa da ƙarfin damtsensa ya koma jiran yaro ya kawo masa ruwan alwala. Mace mai iya dashen albasa da salati ta zauna zaure tana kallon masu zuwa garka. Yarinyar da ya kamata ta kasance lakwal ita ake tsayarwa gida don turin keke da ɗibar ruwa. Naƙasar mutum ɗaya ta zama asarar gida guda, alhali abin da ya tsare shi bai wuce mita ɗari uku na rairayi da matakala biyu ba.

Su nawa ne, kuma daga ina suka fito?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu kashi 4,2 cikin ɗari na ƴan Nijar suna da naƙasa, watau sama da mutum 700 000 cikin miliyan 17. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2022, ta ce kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke rayuwa da naƙasa mai tsanani. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ba abin mamaki ba ce ga wanda ya san yadda ake ƙidaya: mai ƙidaya yana rubuta abin da maigida ya faɗa masa a zaure, kuma ba kowane maigida ke ambaton na cikin ɗaka ba. Tsohuwar da ba ta iya tafiyar mita ɗari ma ba a kiran ta naƙasasshiya, tsohuwa kawai ake ce mata.

Hanyoyin da mutum ke shiga wannan hali suna da yawa. Akwai shan inna, wadda aka tabbatar an kawar da ƙwayarta ta asali daga Afirka ranar 25 ga Agusta 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, magidanta ne a yau. Akwai haɗarin kabu-kabu da na mota. Akwai hawan jini mai shanye ɓarin jiki, da ciwon sukari mai kai ga yanke ƙafa. Akwai tsufa, wanda kowa ke roƙon Allah ya kai shi.

Jahar Maraɗi kuma tana da nata tabo na musamman. A Tibiri, daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000, jama'a sun sha ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse wadda sinadarin fuluwo ya yi wa yawa, nesa da iyakar miligiram 1,5 cikin lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa daga cikinsu ƙasusuwan ƙafafunsu suka lanƙwashe. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, tare da tarayyar FIDH, sun fitar da rahoto kan lamarin a 2002. Waɗannan yara manya ne yanzu. Ruwan hukuma ne ya naƙasa su, saboda haka hanyar da za ta kai su bakin ruwa bashi ce a wuyan hukuma, ba alfarma ba.

Dokoki sun fi shekara talatin

Ba rashin doka ke damun Nijar ba. Ranar 2 ga Maris 1993, tsakanin zagaye na farko da na biyu na zaɓen da ya kawo Mahamman Usman bisa mulki, hukumomin riƙon ƙwarya da taron ƙasa na 1991 ya kafa suka sa hannu kan kudurin doka mai lamba 93-012, wanda ya tsara kariyar naƙasassu. Shi ne ya keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye, ya kuma ce tituna da gine-ginen da jama'a ke shiga dole a tsara su yadda naƙasasshe zai iya shiga. An yi masa gyara a 2010. Ranar 24 ga Yuni 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin naƙasassu, wadda aka zartas a Disamba 2006, kuma aya ta 9 ta wannan yarjejeniya ta ɗora wa gwamnatoci nauyin kawar da duk abin da ke tare hanya, a birni da karkara baki ɗaya. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a Yuli 2023, shi ma ya ɗora wa ƙasa alhakin ba naƙasassu dama daidai da kowa. A 2019 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sa ido kan yarjejeniyar ya binciki rahoton Nijar, ya nuna damuwa kan yadda gine-gine da sufuri ke gagarar naƙasassu. A Disamba na shekarar majalisar dokoki ta ƙara wata doka, mai lamba 2019-62.

Maƙwabciya Nijeriya ta bi irin wannan turba: a Janairu 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga naƙasassu, aka ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara ƙofofinsu. Wa'adin ya cika a 2024, kuma duk ɗan kasuwar da ke zuwa Kano ko Katsina ya ga da idonsa yawan matakalan da ke nan daram.

Abin da aka fi ƙwarewa a kai shi ne biki. Ranar 31 ga Yuli ranar naƙasassu ce ta ƙasa, 3 ga Disamba kuma ta duniya. A kafa rumfa, a yi jawabai, a raba kekuna da buhunan shinkafa gaban ƴan talabijin. Kashegari wanda ya samu keken ya fito ƙofar gida, ya tarar da rairayin da ya baro jiya. Keke abu ne da maƙeri ke iya yi. A Kano, guragun da shan inna ta taɓa sun kafa masana'antarsu ƙarƙashin jagorancin Aminu Ahmad Tudun Wada, suna ƙera kekuna da hannunsu, kuma a Maraɗi da Damagaram akwai masu walda da suka iya wannan aiki. Hanya ce babu mai iya ƙera wa kansa. Ita aikin hukuma ce da jama'a, shi ya sa ita ce ma'aunin gaskiyar jawaban.

Yamai da Maraɗi: kuɗin da aka riga aka kashe

A Yamai ne ƙasar ke da bakin kogi na sosai. Kogin Isa ya raba birnin biyu, gadoji uku sun haɗa shi: gadar Kennedy ta 1970, gadar zumuncin Sin da Nijar ta 2011, da gadar Janar Seyni Kunce ta 2021. Hanyoyin Yantala da Gamkalle suna bin gaɓar ruwa, ga garake, ga masu sayar da dashen itatuwa, ga masu wanki da masunta. A ƙarƙashin shirin Niamey Nyala, musamman gabanin taron Tarayyar Afirka na Yuli 2019, an zuba biliyoyin sefa a tituna da gadojin sama da otal-otal. Mai mota ya ci moriya. Mai keken guragu kuwa, inda aka yi masa gefen titi, sau da yawa bakin ya yi tsawo ba ya hawuwa, ko rumfar mai shayi da motar da aka ajiye sun cinye shi, ko lambatu buɗaɗɗe ya yanke shi. Dole ya sauko kwalta ya yi gogayya da tasi da manyan motoci.

Ga kuma ambaliya. A Satumba 2020 kogin ya kai tsawon da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya fasa ganuwar tare ruwa, ya shiga unguwannin Harobanda da Saga. Bayan kowace irin wannan masifa ana neman kuɗi a ɗaga ganuwar, a ƙara mata faɗi. Saman ganuwar nan shimfiɗaɗɗe ne, yana bin kogi tsawon kilomitoci. Da an daddaɓe shi da burji, an yi masa mahawa mai sauƙi a bakin kowace unguwa, da birnin ya samu hanyar bakin kogi ba tare da sabon aiki ba, kuma ranar gudun ruwa ita ce za ta fitar da tsofaffi da guragu, waɗanda kullum su ne na ƙarshe wajen tsira.

Maraɗi ta san wannan darasi tun da daɗewa. Gulbin da ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya da Madarunfa, ya wuce Tibiri da Gidan Rumji kafin ya koma Nijeriya, shi ne ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama a 1945, har aka tayar da jama'a zuwa tudu. Tun daga nan gari yana sama, garake suna ƙasa, tsakaninsu gangare ne da zaizayar ruwa ke ƙara tsagawa kowace damina. A 2015 an yi Maradi Kolliya don bikin 18 ga Disamba, aka shimfiɗa tituna, aka gina dandali. A daminar 2024, wadda ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasar, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma magudanan ruwa da hanyoyin da suka lalace sai an sake gina su. Tambayar da ya kamata kowane mai biyan haraji ya yi ita ce: in an tashi ginin, da wane awo za a yi shi?

Awon hanya

Awon ba asiri ba ne, kuma injiniyoyin ƙasar nan da suka yi karatu da Faransanci sun san shi, domin yana cikin ƙa'idojin da Faransa ta fitar bayan dokarta ta 11 ga Fabrairu 2005. Faɗin hanya kada ya gaza mita 1,40 babu abin da ya tare shi. Gangare kada ya kai kashi 5 cikin ɗari, watau in za a hau tsawon mita 1 sai an ba shi mita 20 na tafiya, matakala ɗaya mai santimita 15 kuma tana buƙatar mita 3. Karkatar hanya zuwa gefe kada ta wuce kashi 2 cikin ɗari, don kada keke ya riƙa zamewa wajen ruwa. A gangare mai tsawo a bar wurin hutawa shimfiɗaɗɗe kowace mita 10. A Amurka, ƙarƙashin dokar 1990, iyakar mahawa ita ce tsawon 1 cikin tafiyar 12. Sai dai keken hannu mai ƙafa uku ya fi kujerar Turawa tsawo, saboda haka a nan wurin juyawa sai ya fi mita 1,50 da suke bari.

A ƙauye irin Ajekoriya ba a bukatar kwalta. Burjin da aka jiƙa aka daddaɓe da kyau ya isa, a yi masa baki da dutse ko tubalin siminti don rairayi kada ya rufe shi, taya kuma kada ta fita. Inda hanya ta ƙetare ƴar ƙorama a zuba kankare a ƙasanta. A bakin rijiya a maye matakala da mahawa, a faɗaɗa ƙofa, a kafa ƙarfen dafawa da ɗan dakalin zama. In za a sa sabon famfo a zaɓi na hannu, ko a ƙara kan famfo ɗaya daidai tsawon mai zaune. A gefen tabki a keɓe wa mutane mashiga ɗaya da ƙaya ko waya, dabam da ta shanu. A dasa bedi ko gawo a kan hanya, domin inuwa ga wanda ke tuƙi da damtse cikin ranar Afirilu ba ƙawa ba ce.

Nawa zai ci, kuma wa zai ci riba?

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa in an sa waɗannan ƙa'idoji tun a zanen sabon gini, ƙarin kuɗin bai cika wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Aikin miliyan 100, ƙarin miliyan 1. In kuwa an gama an dawo gyara, sai an fasa siminti an sake ba da kwangila. Tun ran gini ran zane. Kuma duk wanda ya san yadda ake rabon kwangila a ƙasar nan ya san abin da ke zurarewa ta ƙarƙashin tebur ya ninka wannan kashi ɗaya sau da yawa.

Alhazan kasuwa su lura da wani abu. A birnin Berkeley na Amurka, farkon shekarun 1970, ɗalibai masu kekunan guragu ne suka matsa wa hukumar gari har ta soma sassare bakin titi ta yi mahawa. Da aka yi, sai aka ga waɗanda suka fi amfani da ita su ne mata masu tura jarirai da ƴan dako da matafiya masu jan kaya. Haka zai kasance a nan. Hanyar da keken gurgu zai bi ita ce wadda ɗan ga-ruwa zai tura amalankensa a kai, ita mai baro zai bi da buhun albasa daga garka zuwa kasuwa, ita mace mai ciki da tulu a ka za ta taka ba ta zame ba. Ruwan da ya zo da sauƙi ya fi araha, tumatirin da bai kwana a fadama ba ya fi daraja. Gurgun da ya kai garka kuma ya tashi daga mai karɓar sadaka ranar Juma'a ya koma mai sayen taki da iri a kantin Alhaji.

Aikin kowa

Ma'aikacin da ke rubuta sharuɗɗan kwangila, a ma'aikatar ruwa ko ta ayyuka ko a ofishin ƙaramar hukuma, shi ne riƙe da mabuɗi. Layi uku sun isa: faɗi, gangare, mahawa. Wanda ke karɓar aiki in an gama kada ya sa hannu sai an kawo mai keke ya hau ya sauka da kansa, domin gani ya kori ji, kuma an sha ganin mahawar da aka yi don cika takarda wadda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Ƙananan hukumomi, waɗanda aka zaɓa wa majalisu karo na farko a 2004, aka kuma rushe majalisun a Afirilu 2024 aka naɗa shugabannin riƙo, su ke tsara shirin raya karkara. Ko wane ne ke zaune a kujerar, aikin rijiya da famfo da kasuwa ta hannunsa yake bi.

Masu naƙasa kuma ba marasa baki ba ne. Tun kafin zuwan Nasara garuruwan Hausa suna da Sarkin Guragu da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, masu magana a fada da sunan mutanensu. A yau akwai tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH. A kira su tun ranar zane, a ba su kujera a kwamitin kula da rijiya, kada a jira ranar yanke ƙyalle a jera su gaba don hoto. Ƙungiyoyin agaji na waje da ke gina famfuna a gundumar Dakoro su ma a gindaya musu sharaɗi ɗaya da na kowa. Attajirin da ya yi niyyar haƙa rijiya a garinsu don neman lada ya tambayi magini abu guda kafin ya biya: shin wanda ba ya iya tsayuwa zai iya ɗiba?

A fara da kaɗan. Kowace ƙaramar hukuma ta zaɓi wurin ruwa ɗaya a shekara, ta yi masa hanya yadda ya kamata. Nijar na da ƙananan hukumomi fiye da 260, saboda haka cikin shekara biyar an samu wurare sama da dubu. Burji yana nan, magina suna nan, doka tana nan tun 1993. Duk mai ƙafafu biyu a wannan zaure ya tuna aro aka ba shi, kuma in rai ya yi tsawo, hanyar da ya sa hannu aka gina ita zai bi da sandarsa.

Allah ya ba da ikon gyarawa.